Kafin A Sayo Sarƙa: Inda Mai Taɓin Hankali Ke Samun Magani A Tamale

Wata safiyar Asabar ina zaune a ƙofar gida ina duba takardun jarrabawar 'yan ajina, sai ga wata dattijuwar unguwarmu, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, ta zo da 'yar takarda a ƙulle cikin leda. A unguwa irin tamu, duk wanda ake kira Ticha shi ne mai karanta wa mutane wasiƙa da takardar kuɗin wuta da saƙon da ya shigo waya da Turanci. Na ɗauka irin wannan ce. Bayan mun gaisa ta miƙo mini, ta ce, “Ticha, duba mini ko sunan maganin yaron nan yana ciki.”

Sunan maganin yana ciki. Abin da ya tsayar da ni shi ne layin ƙasa, inda nas ta rubuta ranar da za a komo da shi asibiti. Na ƙirga da yatsa, wata bakwai ke nan da wucewar ranar. Na ce, “Mma, yanzu yana ina?” Ta yi shiru, ta gyara mayafi, sannan ta ce yana wani ƙauye wajen mai magani, an sa masa mari a ƙafa tun bayan Babbar Salla.

Yaron na san shi tun yana tallar ƙosan uwarsa. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana koyon gyaran babur, mai kunya, ba ruwansa da hayaniya. Abin ya faro da rashin barci. Sai ya fara cewa ana yi masa magana ta cikin rediyo, sai ya ƙi cin abincin gida wai an zuba masa wani abu, rannan kuma ya ɗauki sifana ya bi ƙanensa. Aka kai shi wani asibiti a cikin gari, aka yi masa allura, aka ba shi ƙwayoyi. Cikin 'yan makonni ya dawo hayyacinsa har ya koma gareji. To, daga nan aka yi kuskuren da gidaje da yawa ke yi. An ga ya warware, me kuma za a koma yi? Ga maganin yana sandarar masa da wuya, hannu na rawa, miyau na zuba, maƙwabta na cewa maganin asibiti ya mai da yaro gunki. Sau ɗaya da aka koma, aka ce maganin ya ƙare, a je a saya a kemis. Cinikin ƙosai bai kai ba, aka bari. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo ya fi na farko, dangi suka zauna suka yanke cewa ai dama ba na asibiti ba ne.

A cikin labarin nan babu mugu. Uwar tana son ɗanta, kawun da ya biya kuɗin mota zuwa ƙauye shi ma taimako ya yi nufi. Abin da ya kai yaron ga mari shi ne wata ɗaya da aka tsallake, babu wanda ya bi sawu ya tambaya. Tun ranar nake bin maganar, ina tambayar ma'aikatan lafiya, ina karanta abin da na samu, don in san abin da ke akwai a garin nan da yawancinmu ba mu sani ba.

Asibiti uku, duka a Kudu

Da dalili mutanen Arewa suka saba ganin taɓin hankali ba harkar asibiti ba ce. Gana na da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati: na Ankara da Turawan mulki suka buɗe a 1906, na Ankaful kusa da Cape Coast da aka buɗe a 1965, sai na Pantang a gefen Ankara na 1975. Dukansu suna can bakin teku. Daga Tamale zuwa Ankara kusan kilomita 600 ne, tafiyar yini guda ko dare guda a bas. Ka yi tunanin ɗaukar mutumin da ke fisge-fisge ka zauna da shi cikin mota tsawon wannan tafiya, ka sauka garin da ba ka da kowa, a yi maka magana da harshen da ba ka ji. Iyayenmu ba su yi wauta ba da suka zaɓi afa, wato malam a bakin Dagombawa, ko mai saiwa na ƙauyen kusa. Shi ne yake nan.

Dokar da ƙasar ke aiki da ita a da ta 1972 ce, ita kuma ta gaji ta Turawa ta 1888, wadda babban aikinta shi ne kama mahaukaci a kulle. A 2012 majalisa ta zartar da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846. Ita ta kafa hukumar ƙasa mai kula da wannan fanni, ta ce a daina tara komai a manyan asibitoci, a kai magani asibitocin gunduma da cikin unguwanni. Ta ba mara lafiya 'yanci daga azabtarwa da wulaƙanci, ta kuma rubuta ƙarara cewa maganin ƙwaƙwalwa kyauta ne. A shekarar ce kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure mutane a jikin itatuwa a sansanonin addu'a, ana hana su abinci da sunan azumi. A 2017 shugaban hukumar na lokacin, Dakta Akwasi Osei, ya sanar da haramta ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a faɗin ƙasa.

Doka dai ta faɗi nata. Amma duk wanda ya taɓa raka mara lafiya ya san kalmar “kyauta” ta fi zama a takarda, don maganin da gwamnati ke rabawa yakan yanke, wani lokaci na watanni. An ɗan samu sauƙi daga watan Nuwamba 2024, lokacin da inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da ciwo huɗu cikin abin da katinta ke biya: ciwon damuwa mai tsanani, ciwon fargaba, baifola (mai sa mutum ya yi sama da murna da ɓarnar kuɗi da rashin barci, can kuma ya faɗo ƙasa warwas), da sikizofireniya, irin na ɗan Mma, mai sa jin muryoyi da zargin mutane. Saboda haka abu na farko, tun kafin a kira taron dangi, a duba ko katin inshorar mara lafiya yana raye. A waya ma ana sabunta shi.

An kuma yi wa Tamale alƙawarin nata asibitin ƙwaƙwalwa a cikin shirin gina asibitoci da gwamnati ta kira Agenda 111. Allah ya nuna mana. Sai dai wanda ɗansa bai yi barci ba kwana biyar ba gini zai jira ba.

Abin da ke nan kusa

Asibitin Koyarwa na Tamale yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ban da shi, asibitocin gwamnati na cikin gari da na gundumomi, har da cibiyoyin lafiya da yawa, suna da ɗaki ko teburin nas ɗin ƙwaƙwalwa. Waɗannan nas-nas, da jami'an da kwalejin lafiya ta Kintampo ke horarwa don aikin cikin al'umma, su ne ƙashin bayan aikin a Arewa, tunda ƙwararrun likitocin fannin 'yan ƙalilan ne kuma galibinsu suna Ankara da Kumasi. Su ke ganin mara lafiya wata-wata, su rubuta magani, su yi allura, kuma aikinsu ya haɗa da bin mutane gida idan akwai man babur. Masu farfaɗiya ma a nan ake duba su. Da yawa daga cikinmu mun sha wuce ƙofar ɗakin muna neman wajen awon jini, ba mu san me ake yi a ciki ba.

Sai ƙungiyar BasicNeeds, wadda wani Bature ɗan Ingila, Chris Underhill, ya kafa a 2000, reshenta na Gana ya fara aiki a 2002 da babban ofishinsa a nan Tamale. Sun yi shekaru suna kawo likitocin ƙwaƙwalwa daga Kudu su zagaya gundumomin Arewa. Amma abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne ƙungiyoyin taimakon kai da kai, inda waɗanda suka samu sauƙi da masu jinyarsu ke haɗuwa, su tuna wa juna ranar asibiti, su yi adashi, wasu a taimaka musu da keken ɗinki ko awaki ko jarin ƙaramar sana'a. Sun gane abin da kowace uwa ta sani, cewa wanda ya warke ya dawo gida ya zauna ba aikin yi, ana nuna shi da baki, bai gama warkewa ba. Ma'aikatansu ne suka taɓa samun wani malamin makaranta a yankin Bolga an cusa ƙafarsa cikin kututturen itace sama da shekara guda. Aka fitar da shi, aka sa shi a magani, ya koma aji yana koyarwa. Ni malamin makaranta ne, labarin nan bai taɓa barina ba.

Ba a maganar mahaukatan Tamale a tsallake Dakta David Abdulai, wanda mutanen gari suka fi sani da Dakta Choggu. An haife shi a 1951 a gidan talauci, cikin 'ya'ya goma sha ɗaya shi kaɗai ya rayu. Ya zama likita, ya ajiye aikin gwamnati, ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu a 1991 inda ba a karɓar ko sisi, ya ƙara na biyu a Wamale a 1999. Tun 1992 motar asibitinsa ke zagaya gari kullum tana kai wa masu taɓin hankali na kan titi dafaffen abinci, mutum fiye da ɗari, kowa a inda ya saba zama. Har aka riƙa kiransa likitan mahaukata, wasu ma suka ce shi ma ya taɓu. Ya rasu a watan Oktoba 2016, aikin bai mutu da shi ba. Kirista ne ɗan Katolika. Na faɗi wannan ne don mu da muke cika masallatan garin nan sahu-sahu, muke fitar da zakka da sadakar Juma'a, mu tambayi kanmu nawa ne daga ciki ke isa ga wanda ke kwana a bayan kasuwar Aboabo. Da yawansu fa 'ya'yanmu ne, da sunayen Musulunci aka raɗa musu.

Maganin da ake gudu

Mu koma kan abin da ya kori ɗan Mma daga asibiti, don a nan yawancin jinya ke lalacewa.

Magungunan da ake ba mai jin muryoyi da ruɗewa, irin su Largactil da Haldol, tsofaffi ne, masu araha, kuma suna aiki. Amma a jikin wasu suna kawo sandarewar wuya da gaɓoɓi, rawar hannu, zubar miyau, tafiya kamar an ɗaure mutum, wani lokaci ido ya kafe sama. Wanda bai sani ba sai ya ce ciwo ne ya ƙaru ko aljanin ne ya fusata. Alhali abu ne da ma'aikatan lafiya suka sani sarai, kuma yana da gyara: a rage yawan maganin, ko a ƙara wata 'yar ƙwaya da ake kira Artane, ko a canza zuwa sabbin magunguna irin olanzafin, wanda shi kuma nasa aibin sa ƙiba da yawan barci. Abin da ake buƙata kawai a koma a faɗa. Mma ba ta koma ta faɗa ba, don a ganinta ƙorafi kan maganin likita rashin kunya ne.

Ga wanda ba ya yarda ya sha ƙwaya kullum, ko yake ɓoye ta ƙarƙashin harshe, akwai allura irin Modecate da ake yi bayan 'yan makonni, galibi sau ɗaya a wata. Ita ce ta raba gidaje da yawa da faɗan safe da yamma. Maganin ciwon damuwa kuwa ba ya nuna aikinsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, don haka wanda ya sha kwana uku ya ce bai ga komai ba, bai ba shi lokaci ba. Kuma babu ɗayansu da ake dainawa don an ji sauƙi. Yadda mai hawan jini ko ciwon suga ba ya jefar da maganinsa ranar da ya tashi garau, haka wannan. Wani zai sha na watanni, wani na shekaru, wani har ƙarshen rayuwa. Wanda ya rubuta shi ne zai ce a rage ko a tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan mutum ɗaya cikin 300 a duniya yana da sikizofireniya, a ƙasashen da suka yarda da aljanu da waɗanda ba su yarda ba. Akwai kuma wanda ke kama mace kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ta rikice, ta ƙi jaririn ko ta ce ba nata ba ne. Yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu da suka haihu. A zango mukan ce ta gamu da iska a wajen wankan jego, ko kishiya ce ta yi mata. Wannan na gaggawa ne, a ranar ya kamata a kai ta asibiti, don ranta da na jaririn, kuma yawanci ana warkewa sarai. Sau nawa aka saki irin waɗannan mata aka mai da su gidan iyayensu da sunan mahaukata?

Samarinmu kuma ga taramadol. Hukuma ta amince da mai ƙarfin 50 da 100 ne don ciwo, bisa takardar likita, amma na 120 da 225 da 250 ne ke yawo a hannun masu tuƙa yalo-yalo da 'yan ɗaukar kaya. Yana jawo farfaɗiya, yana rikita tunani, kuma barinsa farat ɗaya ba taimako yana da wuya. Shi ma a ɗakin nas ɗin nan ake fara maganarsa. Wanda kuma ya yi yunƙurin kashe kansa, a da iyali kan ɓoye don tsoron 'yan sanda, tunda laifi ne a dokar ƙasa. Majalisa ta soke wannan a watan Maris 2023. Yanzu asibiti ake kai shi, ba caji ofis ba.

Malam da nas

Na san inda mai karatu yake jirana. To Ticha, kana nufin babu aljanu, babu sihiri, a bar ruƙiyya? Ban ce ba, kuma ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne, mai zazzaɓin cizon sauro muna yi masa addu'a muna kuma ba shi magani, ba wanda ya ce imaninmu ya ragu. Musulmin farko ma ba su ga karo tsakanin biyun ba. Asibitin da Ahmad ɗan Tulun ya gina a Misira wajen shekarar 872 yana da sashen masu taɓin hankali. Malaman fiƙihu kuma sun haɗu a kan cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifin abin da ya yi ko ya bari. Wanda shari'a ta ɗauke wa alƙalami, da wace hujja za a yi masa bulala a hana shi abinci? In ma aljanin ake nufi da dukan, jikin da ke fashewa na ɗanka ne.

An gwada haɗa hannun ɓangarorin biyu, a ƙasar nan ma. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani bincike a Ibadan da Kumasi, aka buga sakamakonsa a 2020. Ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa wajen masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba marasa lafiyar da ke kwance a can, suna ba su magani, mai gida na ci gaba da nasa. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari da mai magani shi kaɗai. Wani binciken kuma, na Farfesa Angela Ofori-Atta ta Jami'ar Gana a sansanin addu'a na Mount Horeb da ke Mamfe, wanda ya fito a 2018, ya nuna abin da ya fi ba ni tsoro. Waɗanda aka ba magani sun samu sauƙi a fili, amma kwanakin da suka yi cikin sarƙa ba su ragu ba. Wato mutum ya dawo hayyacinsa, mai riƙe da makulli bai buɗe ba. Sarƙa takan fara don tsoro, daga baya ta zama al'ada.

Ban raina tsoron ba. Macen da ke kwana gida ɗaya da ƙato mai ɗaukar adda, ga ƙananan yara, ba za ka zo mata da lambar doka ba. Amma irin wannan tashin yawanci allura na kwantar da shi cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Mari kuwa yana cin ƙafa, yana kawo gyambo, yana shanye tsoka, ya kuma koya wa mutum cewa danginsa abokan gabansa ne. Limamanmu da malaman makarantun allo su ne aka fi fara kai wa irin wannan matsala. Da kowannensu zai riƙe lambar nas ɗin ƙwaƙwalwa na yankinsa, ya yi addu'arsa ya ce gobe a kai shi, da an rage rabin wahalar.

Yaron da ke bayan aji

Akwai wasu kuma da muke jefawa cikin buhu ɗaya da masu taɓin hankali alhali nasu daban ne. Su ne masu raunin fahimta, waɗanda tun suna ƙanana suke jinkirin zama da tafiya da magana, ƙwaƙwalwarsu na ɗaukar abu a hankali. Sunayen da muke kiransu ba sai na maimaita ba, kowa ya san su.

A shekarata ta farko a aji akwai wani yaro da ya girmi kowa, yana zaune can baya, kullum murmushi. Wata uku ina fama ya rubuta sunansa. Na ɗauka taurin kai ne, na yi masa bulala ba sau ɗaya ba. A kwalejin horon malamai mun yi darasi kan yara masu buƙata ta musamman, na haddace na ci jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa sa ni gaban irin wannan yaro. Wata tsohuwar malama ce ta ja ni gefe ta ce in tambayi uwarsa yadda aka haife shi. Ashe doguwar naƙuda aka yi a gida, ya fito bai yi kuka ba sai can. Har yau in na tuna yadda yake miƙo hannu yana murmushi, bai san laifin da ya yi ba, sai in ji kunyar kaina.

Sanadin irin wannan da yawa sananne ne. Rashin isasshiyar iska ga jariri lokacin haihuwa. Shawarar jarirai da ta yi tsanani, ido da jiki suka yi ɗorawa aka tsaya shanya shi a rana ana jiƙa saiwa. Sanƙarau, wanda mu nan Arewa muna cikin yankinsa, yana zuwa da zafin bazara. Zazzaɓin sauro da ya hau kai. Ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki, dalilin da ya sa ake cewa a sayi gishirin leda mai aidin. Akwai kuma wanda daga halitta ne, kamar lalurar Down, inda yaro ke zuwa da ƙwayoyin gado 47 maimakon 46. Babu laifin uwa a ciki, ba wani rafi da ta tsallaka da dare.

Bambancin da ya kamata iyaye su riƙe shi ne, wannan ba ya da allurar da ke warkar da shi. Duk wanda ya ce kawo tunkiya da kuɗi zai buɗe wa yaro ƙwaƙwalwa, cin kuɗinka zai yi. Idan yaron yana da farfaɗiya a haɗe, wannan kam ana ba da magani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata. (Af, miyan mai farfaɗiya ba ya yaɗa ciwon. A kwantar da shi ta gefe, a janye shi daga wuta, kada a cusa masa cokali a baki.) Amma raunin fahimtar kansa koyarwa yake so, kaɗan-kaɗan, da maimaici: wanka, sa riga, alwala, gane kuɗi, tsallaka titi, sannan sana'ar hannu gwargwadon iyawarsa. Yaron nan nawa bai iya karatu ba har ya bar makaranta, amma da na daina dukansa na ba shi aikin raba littattafai, bai taɓa ba wani littafin wani ba.

A Tamale akwai makarantar Yumba, wadda aka keɓe don yara masu raunin fahimta, kuma irinta ba ta da yawa a duk Arewa. Ga sauran, manufar ilimin bai-ɗaya ta 2015 ta ce makarantar gwamnati ta unguwa ta karɓi kowane yaro, dokar naƙasassu ta 2006 mai lamba 715 kuma ta hana a ƙi ɗaukar yaro saboda naƙasarsa kawai. Gaskiyar aji dai ita ce malami ɗaya da yara sun fi hamsin, ba na ɓoye wannan. Duk da haka zaman aji ya fi kulle a ɗaki. Akwai kuma wani kaso na kuɗin da gwamnati ke aika wa majalisun gundumomi da aka ware wa naƙasassu, da tallafin LEAP da aka fara a 2008, wanda ya haɗa da masu naƙasa mai tsanani. Ta ofishin jin daɗin jama'a na majalisar gari ake nema. Makafi da guragu sun san hanyar, suna da ƙungiyoyi. Iyayen masu raunin fahimta su ne ba sa zuwa, don zuwan yana nufin a faɗa a fili cewa akwai irin wannan yaro a gidan, ga kuma 'yan'uwansa mata da ake so a aurar.

Su kuma 'yan matan cikinsu, a sa musu ido sosai. Yarinyar da ba ta iya ba da labarin abin da aka yi mata ita mugu ke nema, kuma sau da yawa ba baƙo ba ne.

Komawa ƙauye

Sai da muka yi mako biyu muna lallashin kawun yaron kafin ya yarda. Ba mu ce masa a raba yaro da mai magani ba, mun ce a ƙara da na asibiti. Muka sabunta katin inshora, muka samu wani nas ya yarda ya bi mu ranar da ba ya aiki, muka zuba masa mai.

Mun same shi a ƙarƙashin wata bishiya a bayan gidan, ya rame, ƙafar ta kumbura a inda ƙarfen ya zauna. Ya gane ni, ya ce, “Ticha, ina kwana,” da rana tsaka. Mai maganin dattijo ne mai fara'a, ya ba mu ruwa, bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce shi ma ya gaji, iyali kan kawo mutum su tafi, ciyarwa ta koma kansa, in ya sake shi kuma ya ɓata a daji shi za a kama. Aka yi allurar a nan ƙarƙashin bishiyar. Makullin kwaɗon sai da aka neme shi, an manta inda aka ajiye. Bayan kwana goma aka dawo da shi gida a bayan motokin.

Yau wata biyar ke nan. Bai koma gareji ba tukuna, mai garejin yana ta cewa sai an ga yadda hali ya yi. Da safe yana zama gefen uwarsa yana ba da canji, ba ya kuskuren lissafi. Wuyan ya sake sandarewa a wata na biyu, wannan karon Mma ta je da kanta ta faɗa, aka rage masa. Yana sa safa ko da zafi, saboda tabon. Wasu masu sayen koko sun koma wajen wata, wasu sun dawo.

Ranar allurarsa tana cikin wayata da ta ƙanensa, wanda ya bi da sifana. Ta gaba ran Talata ce, kuma an ce mana mu zo da tamu ko da ta asibiti ba ta iso ba.